An yi wa mai ɗakina tiyatar rage ƙiba: za ta ci gaba da shan magungunanta na da?

Tambaya: Makonni uku da suka wuce aka yi wa mai ɗakina tiyatar rage ƙiba a Alƙahira, irin wadda ake ƙaranta tumbi a karkatar da hanji. Shekarunta 36. Kafin tafiya tana shan metformin XR da glibenclamide saboda ciwon suga, lisinopril da Moduretic saboda hawan jini, sai diclofenac idan gwiwa ta matsa mata. Yanzu mun dawo Kano da leda cike da bitamin. Za ta koma kan magungunan nata kamar yadda take sha a da?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara mata lafiya. A'a, kada ta koma kansu yadda suke. Cikin biyar ɗin da ka lissafa, diclofenac ya fita ke nan har abada. Glibenclamide da Moduretic akasari dakatar da su ake yi a wannan lokaci. Metformin XR sai an musanya shi da metformin na gama-gari, shi kuma lisinopril sai an sake auna jini an ga ko har yanzu ana bukatarsa da kuma nawa. Wannan gyara aikin likitan da ke ganinta ido da ido ne, don haka a cikin makon nan a kai ta asibitin masu ciwon suga, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da takardar sallamarta da dukkan kwalayen maganin a hannu. Amma yana da kyau ka san dalilin kowanne, saboda yawancin haɗarin a gida da kemis yake aukuwa, ba a gaban likita ba.

Fara da duba takardar sallama ka tabbatar da irin aikin da aka yi. Idan an rubuta gastric bypass, an ware wata 'yar jaka ce daga saman tumbi wadda ba ta ɗaukar abin da ya wuce mililita 30, wato kamar babban cokali biyu, aka ɗinka ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci da magani ba sa ƙara bi ta sauran tumbin da farkon hanji, inda a da nan ne ƙwayoyi da yawa suke narkewa su shiga jini. Idan kuwa sleeve aka rubuta, an yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin an cire, amma hanyar hanji tana nan yadda take. A duka biyun ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa ya ragu, kuma abin da aka haɗiya ba ya daɗewa kafin ya wuce. Bayaninka ya yi kama da na farkon, wanda dokokinsa suka fi tsauri, don haka a kansa zan yi magana.

Maganin ciwon jiki yana cikin abubuwan da ke mayar da masu irin wannan aiki asibiti, kuma yana da sauƙin samu. Wurin da aka ɗinke 'yar jakar da hanji wuri ne mai rauni, domin fatar cikin hanji ba a halicce ta don jure tsamin tumbi ba. Diclofenac da danginsa suna hana jiki yin sinadarin da ke sa tumbi fitar da majinar da ke kare shi da kuma gudanar da jini a bangonsa. Idan kariyar ta tafi, gyambo yana fitowa daidai bakin ɗinkin, yana iya zubar da jini, yana iya hudawa.  Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, cutarwar ta cikin jini take zuwa, ba ta taɓa tumbi kawai ba. Saboda haka allurar diclofenac da ake yi a kemis, da wanda ake sakawa ta dubura, duk hukuncinsu ɗaya da ƙwayar.

Dangin nan suna da sunaye da yawa a kasuwa. Ibuprofen ko Brufen, Cataflam da Voltaren, piroxicam ko Feldene, naproxen, indomethacin, da asfirin mai yawa. Akwai kuma waɗanda aka ɓoye su cikin gauraye: Ibucap yana da ibuprofen, garin Alabukun asfirin ne da sinadarin caffeine, magungunan mura da na ciwon mara da dama suna ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Mafi muni shi ne haɗin da mai kemis ko mai tallan magani ke ƙulla wa mutum a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna ba kwali. Kusan ba a rasa irin waɗannan a ciki, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda idan suka haɗu da su suke ninka haɗarin gyambon. Ƙa'idar gidanku daga yau ita ce, ƙwayar da ba a san sunanta ba ba ta shiga bakinta. Haka jiƙe-jiƙen sanyi da na basir da ake sayarwa a jarka, tunda babu wanda zai gaya maka abin da aka zuba. Sigari da shisha su ma suna hana ɗinkin warkewa, ko da hayaƙin na wani ne a ɗaki ɗaya.

Abin da ya rage mata na ciwo shi ne farasitamol: giram ɗaya, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa shida idan da bukata, kada ya wuce giram huɗu a yini. A lura cewa magungunan mura ma suna da farasitamol, a haɗa da su cikin lissafi. Ga gwiwa, likitoci da yawa suna yarda da man shafawa na diclofenac a ɗan ƙaramin wuri, saboda abin da ke shiga jini ta fata kaɗan ne, amma a tambaya tukuna. Gashi da ruwan ɗumi, motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi na asibiti, da allurar cikin gaɓa idan ta kama, duk hanyoyi ne. Sau da yawa ma ciwon gwiwar yana sauƙi da kansa idan nauyi ya fara sauka. Tramadol ba abin da za a maye gurbi da shi ba ne a gida: kamuwa da shi ba wuya. Wanda ke shan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, nasa daban ne, likitan zuciya ne zai yanke, kuma galibi ana barinsa tare da maganin rage tsami.

Maganin rage tsamin nan, omeprazole ko esomeprazole ko pantoprazole, tabbas yana cikin ledar da aka ba ku. Kada ta daina don ta ji garau. Ana ba da shi aƙalla wata ɗaya, yawancin likitocin tiyata kuma suna kai shi wata uku zuwa shida. Ana sha da safe, rabin awa kafin abinci. Kafson omeprazole ana iya buɗe shi a zuba 'yan ƙwayoyin cikinsa a cokalin yogot marar suga a haɗiye, amma ba a tauna su ba a daka su. Alamomin gyambo su ne ciwo ko zafi a ƙahon zuci, amai da jini, da baƙin bayan gida mai danƙo da wari. Maganin ƙarin jini shi ma yana baƙanta bayan gida, sai dai nasa ba ya danƙo, ba ya zuwa da jiri.

Sai siffar ƙwaya. A makonni huɗu zuwa takwas na farko wurin ɗinkin yana kumbure, babbar ƙwaya tana iya tsayawa ta jawo ciwo da amai. Ana neman maganin ruwa, ko wanda ake taunawa, ko a raba ƙwaya, ko a daka ta idan irin wadda ake dakawa ce. A riƙa haɗiyarsu ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintoci, ba a dunƙule ba. Amma duk kwalin da ka ga an rubuta XR, SR, MR, CR, XL, LA, Retard ko Chrono a bayan sunan, an ƙera ƙwayar ne ta riƙa sakin magani a hankali cikin awa 12 zuwa 24. Idan aka daka ta, maganin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya, wanda ga irin su nifedipine na hawan jini yana iya faɗar da mutum. Idan aka haɗiye ta ɗungurungum, hanjin da aka gajarta ba zai ba ta lokacin da za ta gama saki ba, sai a sami rabin aiki. Mafita ita ce likita ya canja zuwa mai saki nan take, a raba shi sau biyu ko uku a yini. Haka ƙwayoyin da aka yi wa rufi don kada su narke sai a hanji, masu alamar EC, su ma ba a daka su. Maganin ruwa kuma a duba kwalbarsa. Sirop mai suga da yawa ko mai sorbitol yana faɗawa hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 sai ka ga gumi, bugun zuciya, murɗar ciki da gudawa. Masu kumfa idan an jefa a ruwa, irin su Andrews da Eno, iskarsu tana cika 'yar jakar, a bar su. Kanwa ma haka.

Ciwon suga yakan sauka tun a kwanakin farko bayan wannan tiyata, kafin ma a ga rama, saboda abinci ya ragu ƙwarai kuma sinadaran hanji masu tayar da insulin sun ƙaru. Glibenclamide yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma aikinsa yana daɗewa. A ba wa mai shan kunu cokali biyar irin abin da take sha lokacin da take cin tuwo cikakken kwano, suga zai faɗi ƙasa, wani lokaci cikin barci. Glimepiride da gliclazide duk gidansu ɗaya. Metformin ba ya faɗar da suga shi kaɗai, shi ya sa ake yawan barinsa, amma jiki yakan tsotse shi fiye da da bayan karkatar da hanji, don haka ana farawa da kaɗan, kuma ana ajiye shi duk ranar da ake amai ko gudawa. Masu shan Jardiance ko Forxiga ana dakatar musu tun kwana uku kafin tiyata, ba a kuma mayarwa a lokacin ƙarancin abinci, domin suna iya sa jini ya yi tsami alhali na'ura tana nuna suga daidai. Masu allurar insulin ana rage musu sosai, amma mai ciwon suga nau'in farko ba ya taɓa barin insulin ɗinsa na tushe.

Ku mallaki na'urar gwajin suga. A wannan wata a gwada da asuba, kafin abincin rana, kafin na dare, da lokacin kwanciya, a rubuta a littafi a kai wa likita. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, ko 3.9 a ma'aunin mmol/L, faɗuwa ce: a jiƙa ƙaramin cokali uku na suga a ɗan ruwa ta kurɓa, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya hau a bi shi da abin da zai riƙe ta kamar ƙwai ko madara marar suga. Watanni masu zuwa kuma akwai wata faɗuwar sugan da ke zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan cin zaƙi ko shan lemon kwalba, ko da ba a shan maganin suga sam.

A hawan jini matsalar ruwa ce. Ana so ta sha aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi-kurɓi, ga shi tumbin ba ya karɓar da yawa, ga zafin Kano musamman daga Maris zuwa Mayu. Moduretic da Lasix suna ƙara fitar da ruwan da ba a samu an sha ba. Lisinopril da losartan kuma suna hana ƙoda kare kanta idan jiki ya bushe. In aka tara Moduretic da lisinopril da diclofenac a jikin da ke amai, an haɗa hanya mai saurin kai mutum ga tsayawar ƙoda, kuma su ukun nan duk suna cikin jerin da ka kawo. A auna jini safe da yamma. Idan lambar sama tana sauka ƙasa da 110, ko tana ganin jiri in ta miƙe, ko fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, a kira likita a ranar. Masu shan atenolol ko bisoprolol kuwa ba a yanke musu lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa.

Ba ka ambaci tazarar haihuwa ba, amma a shekarunta dole a yi maganar. Matan da ƙiba ta hana wa haihuwa shekaru sukan sami ciki cikin 'yan watanni bayan aiki, tun al'ada ba ta gama daidaita ba. Shawarar likitoci ita ce a jira wata 12 zuwa 18, lokacin da nauyi ya tsaya kuma aka cike gurbin sinadaran jiki, saboda cikin da aka ɗauka ana tsakiyar rama yana cutar da uwa da ɗa. Ƙwayar sha ta kullum ba abin dogaro ba ce bayan karkatar da hanji, haka Postinor, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa. Abin da ya fi tabbas shi ne wanda ba ya bi ta ciki: ashanar hannu, Implanon ko Jadelle, ko robar mahaifa. Idan Allah ya kawo rabo kafin lokaci, kada a daina bitamin, a je awo da wuri a faɗi aikin da aka yi. Za a duba nau'in bitamin A da take sha, a ƙara folic acid, kuma ba a yi mata gwajin nan na shan ruwan suga mai giram 75, wata hanyar ake bi.

Ledar bitamin ɗin nan magani ce ta tsawon rai, ba ƙarin kuzari na wata uku ba. Abin da ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka ta tsara ga mai irin aikinta ya haɗa da cikakken bitamin mai haɗe da ma'adinai kullum, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a yini, bitamin D kimanin 3,000 a ma'aunin IU da ake rubutawa a kwali, sinadarin ƙarfe miligiram 45 zuwa 60 ga mace mai al'ada, da bitamin B12 ko dai ta baki kullum ko ta allura. A tsarin Ingila allurar miligiram ɗaya ake yi duk wata uku. Kalsiyam ɗin a nemi nau'in citrate, domin carbonate, wanda ya fi yawa a kemis kuma ya fi araha, yana bukatar tsamin tumbi kafin ya narke. Ba a shan fiye da miligiram 500 zuwa 600 a zama ɗaya, a raba shi sau biyu ko uku. Tsakanin kalsiyam da ƙarfe a bar awa biyu, don suna tare wa juna hanya, kuma kada a kora ƙarfe da shayi ko madara. Su biyun suna kama wasu magungunan su hana su shiga jini: ciprofloxacin, doxycycline, levothyroxine na maƙoƙo wanda yake son tazarar awa huɗu, da dolutegravir da ke cikin ƙwayar TLD ta masu cutar ƙanjamau, wanda ake sha awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Idan an ba ta ursodeoxycholic acid, na hana tsakuwar matsarmama ne, wadda saurin rama ke jawowa, kuma wata shida ake sha.

Akwai bitamin ɗaya da ƙarancinsa ba ya jira, shi ne B1, wato thiamine. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Idan tana amai kwana da kwanaki, sannan ta fara ruɗewa, ko gani bibbiyu, ko tangaɗi, ko ƙafafu suna mutuwa, wannan na gaggawa ne. A asibiti ka faɗa da bakinka cewa a yi mata allurar thiamine kafin ko tare da ƙarin ruwa mai suga, domin ruwan suga shi kaɗai yana cinye ɗan abin da ya rage ya lalata ƙwaƙwalwa, kuma lalacewar ba lallai ta gyaru ba.

Zazzaɓi ma sai an yi hattara. A nan duk zafin jiki maleriya ake fara ce masa, amma a makonni shida na farko bayan tiyata, zazzaɓi tare da bugun zuciya sama da 120 a minti, ko ciwon ciki, ko ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, yana iya zama yoyon ɗinki ne ko gudan jini a huhu, musamman ga wadda ta yi tafiyar jirgi. Wannan asibiti mai likitan tiyata ake nufa, ba kemis ba. Idan an ba ta allurar Clexane ta hana daskarewar jini, ta ƙarasa adadin kwanakin da aka rubuta. In gwaji ya tabbatar maleriya ce, Coartem da Lonart da ire-irensu suna bukatar maiƙo kafin su shiga jini sosai, don haka kowane sha a haɗa shi da ɗan madara mai maiƙo, a cika shan shida cikin kwana uku. Ana iya daka ƙwayar. In ta amayar cikin awa ɗaya a sake, in aman ya ƙi tsayawa a koma allurar artesunate a asibiti, in zazzaɓin ya wuce kwana uku a sake gwaji.

Wasu magungunan ba su cikin jerinta, amma ga masu karatu da ke shan su: lithium, maganin taɓin hankali, yana taruwa ya zama guba idan ruwan jiki ya ragu, dole a riƙa auna shi a jini. Magungunan damuwa irin su sertraline sukan ragu a jini bayan aikin, ciwon ya dawo ba tare da an daina sha ba. Na farfaɗiya ba a tsallake ko sau ɗaya, a nemi na ruwa tun kafin tiyata. Masu warfarin, maganin hana daskarewar jini, bukatarsu takan ragu a makonnin farko sannan ta sake hawa, sai an yawaita gwajin INR na saurin daskarewar jini, su kuma rivaroxaban da dabigatran masu irin aikinsa ba a tabbatar da shigarsu jini bayan karkatar da hanji, likitan jini ne zai zaɓa. Alendronate na ƙarfin ƙashi yana ƙona mashigar tumbi, ta jijiya ake ba da madadinsa.

Game da azumi, likitoci da yawa suna ba da shawarar a ɗage shi a watanni shida zuwa goma sha biyu na farko, domin ba za ta iya shan ruwan yini guda da bitamin ɗinta tsakanin magariba da asuba ba, kuma buɗa-baki da dabino da kunu mai suga a lokaci ɗaya yana tayar da gumi da bugun zuciyar nan. Ku haɗa maganar likita da ta malami idan lokacin ya zo.

A rubuta mata ɗan kati ta riƙa yawo da shi a jaka: sunan aikin, ranar da aka yi, jerin magungunan da take sha yanzu, da jimla biyu, cewa ba a ba ta dangin diclofenac ko ta allura, kuma ba a zura mata robar hanci zuwa tumbi sai da sanin likitan tiyata. Ta nuna shi ga likitan haƙori, da ungozoma, da duk mai kemis. Gwajin jini kuma a wata na uku, na shida, na goma sha biyu, daga nan duk shekara: yawan jini, ferritin wato ajiyar ƙarfe a jiki, B12, folate, kalsiyam, bitamin D, aikin ƙoda da hanta, da HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan watannin baya. A kowace ziyara a sake duba adadin maganin suga da na hawan jini, domin muddin nauyi yana sauka, abin da ya dace da ita a wannan wata yana iya yi mata yawa a wata mai zuwa.